Jiƙon da Surukin Yaya Ya Kawo

Yayata ta girme ni da shekara shida, kuma har yau da furfura ta cinye mini gemu, Auta take kirana. A Sara take zaune, a gidan da mijinta ya rasu ya bar ta. Ni kuwa tun da na ajiye yawo na dawo Birnin Kudu. Ciwo biyu ne da ita. Ɗaya na zuciya, wanda ake kawo ta asibiti nan garinmu duk bayan wata biyu a duba ta, a ba ta ƙwaya iri biyu, wata 'yar mitsitsiya ta bugun zuciya, wata kuma mai sa fitsari saboda kumburin ƙafa. Ɗayan kirci ne a ƙwaurinta, ya bushe ya yi fari ya tsattsage, ga ƙaiƙayi. Na zuciyar shi ne mai iya kashe ta, amma ba ta ganinsa. Kircin kuwa kullum tana kallonsa, don haka shi ta ɗauka ciwo.

Wata rana a ƙarshen damina, ana tsakiyar yankan gero, na hau mota na je gaishe ta. Na tarar da ita a ƙofar ɗaki kan tabarma, ta jingina da bango. Idonta ya faɗa. 'Yarta ta fari, wadda ke aure a garin, ta zo tana dafa mata abinci. Kusa da Yaya akwai wani ɗan tulu da ban saba gani ba, an rufe shi da faifai, an kifa moɗa a kai. Wani wari yake yi, irin na ciyawar da ta kwana cikin ruwa ta fara ruɓewa.

Muka gaisa, na tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Sai ta harare ni.

"Auta, dubiya ka zo ko bincike? Tun da ka zauna hancinka yake yawo."

"Mene ne a tulun nan, Yaya?"

"Magani."

"Na me?"

"Na abin da asibitinku ya kasa."

Na ce a nuna mini. 'Yar ta shiga ɗaki ta fito da wata leda mai sheƙi, an sha fiye da rabinta. A jikinta akwai hoton wani tsiro mai ƙananan furanni ja-ja zuwa baƙi, da rubutun Turanci. Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe shi ne figwort. A ƙarƙashinsa aka jera cututtukan da wai yake warkarwa: kirci, ƙuraje, basir, kaluluwa, dattin jini, da wasu da na manta. Na juya ledar gaba da baya. Babu sunan garin da aka ƙulla ta, babu lambar hukuma, babu ranar lalacewa. Babu kuma ko layi ɗaya da ya ce wane da wane kada su sha.

Na san sunan. A shekarun da nake kai zoɓo da ƙaro da citta ƙasashen waje, na sha zama a wani babban ɗakin ajiya a Jamus, inda ake tara busassun ganyaye da saiwoyi daga ko'ina. Akwai wata dattijuwa mai duba ingancin kaya, ita ke buɗe buhunan zoɓona tana shinshinawa. Wata rana ina jira, na ga wata saiwa mai ƙulle-ƙulle a teburinta, na tambaya. Ta ce tsiron bakin rafi ne a ƙasarsu, karansa mai kusurwa huɗu, kuma wari yake yi. Mutanen da suka ga saiwar ta yi kama da kaluluwar wuya, sai suka ce lalle maganinta ne, daga nan aka wuce da shi zuwa basir da ciwon fata. Na yi dariya, don ko a kasuwarmu haka ake tunani, abu ja na ƙarin jini ne. Na tambaye ta ko yana aiki. Ta ɗaga kafaɗa ta ce wasu suna yabawa, amma ba a gwada shi sosai ba. Abin da ta faɗa ba tare da ɗaga kafaɗa ba shi ne, ba a ba mai ciwon zuciya, ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, mai ciwon sukari ma sai da shawara.

Daga baya a ƙasar Sin, a wani shagon magani, na ga ɗan'uwan tsiron, saiwa baƙa wuluk an yanyanka. Mai shagon ba ya taɓa ta sai ya riƙe wuyan hannun mai saye, ya duba harshensa, sannan ya auna a wani ɗan sikeli kamar na zinariya. A Sudan ma, masu sayar da saiwoyi a kasuwa, da Larabcinsu mai sauri, abin da suke fara tambaya shi ne wa zai sha. Ba na ce duk masu gaskiya ba ne. Na ga mayaudara a kowace ƙasa. Amma tambayar dai ana yin ta.

Na zazzage kaɗan a tafin hannuna. Ganye ne dakakke, da guntayen kara. Na tsinci biyu ko uku masu kusurwa huɗu. Sauran zagayayyu ne, kamar na kowace ciyawa. Sai zargi ya zo mini ta hanya biyu. In abin da aka rubuta ne a ciki, to bai dace da Yaya ba. In kuma ba shi ba ne, to me take sha?

"Ta yaya ake haɗa shi?"

'Yar ta ce, "Ana zuba cikin hannu guda a tulu, a cika da ruwa. In ya yi ƙasa a ƙara ruwa, har sai ya salamce, sannan a sake sabo."

"Kuma sau nawa take sha?"

"Ai shi ne ruwan shanta, Kawu."

Haka muke yi da jiƙo tun kakanni. Sabara ce ko marke ko sassaƙen maɗaci, a tulu ake jiƙawa, mara lafiya ya bar randa ya koma tulu. Ba wanda ya taɓa auna mana da cokali. Na nuna wa 'yar wani ƙaramin rubutu a gefen ledar, inda aka ce cokalin shayi ɗaya a kofin ruwan zafi. Ta yi makaranta, ta karanta tun ranar farko.

"Na gani, Kawu. Wannan awon Turawa ne. Su ai jikinsu ba ƙwari."

Yaya ta ce, "Gaya masa. Shi da ya zauna da su har ya koyi cin abinci da ƙarfe."

Na kama wuyan hannunta. Ni ba likita ba ne, amma ko ni na ji bugun yana tafiya yana tuntuɓe, ya yi sauri, ya tsaya, ya sake kamawa. Da na matsa mata, ta yarda cewa kwana goma sha biyu ke nan tana sha. Tana jiri in ta miƙe. Zuciyarta tana tashi, abinci ba ya shiga. Tana zagayawa bayan gida sau da yawa.

"Datti ne yake fita," in ji ta. "Maganin da bai motsa ciki ba, ruwa ne kawai."

"Wa ya kawo?"

Sai ta kau da kai, ta ja mayafi ta rufe gefen fuska. Da haɓa ta nuna 'yarta. "Mai gidan wannan."

A nan na gane girman abin. Surukinta ne, mijin 'yar fari. Mutumin kirki ne, yana da motoci yana ɗaukar hatsi zuwa Kano. Shi ya yi mata rufin kwano, shi ke aiko mota ranar asibiti. Shekara talatin ke nan, Yaya ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa cin ko goro a gabansa ba. In ya zo gaisuwa, a zaure yake cire takalmi, ya tsuguna daga bakin ƙofa, ita tana bayan labule. Ya ga tana fama da ƙafa, ya shiga wani shago a Kano, ya sayo mata abu mai tsada daga waje. Kuma kowace safiya sai ya aiko matarsa ta tambaya, Inna ta sha? A koma masa da amsa, ta sha, an gode.

Na ce, "Yaya, ki daina. Yau ɗin nan."

"In ya aiko tambaya in ce me?"

"Ki ce kin sha."

"In yi ƙarya da tsufana, ƙafata ɗaya a kabari?"

"To ki ce bai karɓe ki ba."

"In aika wa surukina cewa abin da ya kawo ya cuce ni? Kai dai yawo ya wanke maka ido, Auta. Kunya ta ƙare maka a jirgi."

Bayan la'asar sai ga shi ya zo, an gaya masa ina gari. Muka zauna a zaure. Ya gaishe ni a tsugune, ya ƙi hawa tabarma sai da na matsa. Na bi a hankali, na yaba ɗawainiyarsa, sannan na gaya masa abin da na sani game da ganyen. Yana ji yana wasa da makullin mota. Na lura ba maganata yake aunawa ba, ni yake aunawa.

"Kawu, ka yi haƙuri. Da a jakarka ya fito, daga cikin tsarabarka, da haka za a ce?"

"Da ban kawo mata ba."

"Ganye ne fa. Ba ƙwaya ba ce, ba allura ba."

"Zaƙami ma ganye ne, Alhaji. Tumfafiya ma."

Ya kira matarsa ya ce ta ciko masa moɗa daga tulun. Ta kawo. Ya yi bisimilla ya shanye tas a gabana, ya yamutsa fuska saboda ɗaci, ya kifa moɗar a ƙasa.

"Mai shagon ma haka ya yi. A gabana ya haɗa ya sha kafin in karɓa. Ni zan kawo wa Inna abin da ban ɗanɗana ba?"

A wajenmu wannan ita ce ƙarshen hujja. Mai magani ya sha, to magana ta ƙare. Na tashi ina ganin haka, kuma yana da amfaninsa, yana nuna ba da mugunta aka zo ba. Amma ni ban taɓa zarginsa da mugunta ba.

"Zuciyarka lafiya lau take, Alhaji. Ta mai shagon ma haka, ina zato. Ko tulun duka ka shanye, ba abin da ka gwada sai cikinka. Ka gaya masa tana da ciwon zuciya?"

Ya ce, "Bai tambaya ba. Ni kuma na ƙafa na je nema."

"Ka gaya masa tana shan ƙwayar asibiti?"

Ya juya makullin mota a hannunsa. Daga cikin gida sai muka ji muryar Yaya, ta ɗaga ta kamar da iska take magana.

"A gaya wa mutanen zaure, ni dai na ji daɗin magani. Ƙaiƙayi ya ragu. Allah ya saka da alheri, ya kiyaye motoci."

Ya sunkuyar da kai ya ce amin. Fuskarsa ta saki. Ya yi mini sallama ya tafi. Na koma ciki na sake duba ƙafar. Wataƙila ta ɗan yi laushi, wataƙila idona ne. Ban iya rantsewa ko ta wane ɓangare ba, har yau.

Na yi tunanin in ɗauki tulun in tuntsurar. Amma akwai sauran ganye, akwai wani tulun, kuma da safe tambaya za ta zo. A mota ina komawa, har kaina na zarga. Magana ce ta wata dattijuwa, shekaru da yawa da suka wuce, cikin Turancin da ba nata ba ba nawa ba. In na tuna ba daidai ba fa? In haushi nake ji don wani ya kawo abin waje gidanmu ba ni ba? Na juya wannan har muka shigo tsakanin duwatsun gari. Abin da ban iya kawarwa ba shi ne bugun da na ji a ƙarƙashin yatsuna.

Washegari da hantsi na ɗauki shatar mota na koma. 'Yar ta tare ni a zaure, idonta ja. Ta ce da safe Inna ta tashi daga alwala sai ta tafi luu, da ba ta dafa bango ba da ta kai ƙasa. Duk da haka ta sha moɗa guda, don a samu amsar da za a kai. Tana magana tana waiwaye. Sai ta zaro ledar daga cikin zaninta ta tura mini a aljihu.

"Ban ba ka ba, Kawu."

"Ban gan ki ba ma."

Na ce wa Yaya ta shirya mu tafi asibiti. Ta ce ranar asibitinta sai nan da mako uku. Na ce to zan zauna a ƙofar ɗakin nan mako uku, mai mota kuma yana jira a waje, duk unguwa su zo su tambayi dalili. Ta kira ni da sunaye da ban ji ba tun muna yara. A ƙarshe ta ce a miƙo mata mayafi.

"Da sharaɗi. Ba za ka buɗe baki kan jiƙon nan ba. Su komai rubutawa suke yi. Ba za a rubuta a takardar gwamnati cewa surukina ya ba ni guba ba."

Na yi shiru. Ta ɗauki shirun alkawari ne, ni kuma na bar ta ta ɗauka.

Likitan yaro ne a idona, bai wuce sa'ar ɗana na uku ba, kuma daga Hausarsa ɗan yankin nan ne. Ya sa abin aune-aunensa a ƙirjinta, ya daɗe yana saurare, ya sa aka liƙa mata wayoyi aka ciro wata doguwar takarda. Ya duba katinta, ya sake duba takardar.

"Hajiya, kina shan ƙwayoyinki daidai?"

"Ba na fashi."

"Ban da su, kina shan wani abu?"

"Abin da kowa yake sha, ɗan nan."

Na ciro ledar na ajiye a teburinsa. Ban dubi Yaya ba, amma na ji idonta a gefen wuyana. Na gaya masa yadda ake jiƙawa, da kwana nawa, da gudawar, da jirin.

Bai yi faɗa ba. Ya karanta ledar, ya duba wani abu a wayarsa, ya shinshina ganyen. Ya ce gaskiya wannan tsiro ba a san shi sosai ba, abin da aka rubuta a kansa kaɗan ne. Amma cikin kaɗan ɗin akwai cewa yana iya taɓa bugun zuciya, yana sa fitsari, yana sakin ciki, don haka ake hana masu ciwo irin nata. Ita kuwa ga ƙwayar zuciya, ga ta fitsari, ga gudawa ta kwana da kwanaki, ruwa da gishirin jiki suna zuba, kuma in suka yi ƙasa ita kanta ƙwayar zuciyar sai ta zama haɗari. Na tambaye shi ko abin da ke cikin ledar shi ne abin da aka rubuta. Ya ce ba shi da hanyar sani, kuma wannan ya fi damunsa. Ya ce za a ɗebi jini, za ta kwana biyu a wajensu.

"Jiƙon nan kuma, Hajiya, an gama da shi."

Yaya ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ba zai yiwu ba."

Ya dube ni. Na ce, "Surukinta ne ya kawo. Mijin 'yar fari."

Ya ajiye biro. Na zaci zai yi mata wa'azin da na yi jiya. Sai ya jawo wata farar takarda ya yi rubutu da Hausa, manya-manya, ya buga hatimi, ya karanta mata: likita ya hana wannan baiwar Allah shan kowane irin jiƙo ko tsimi, daga hannun kowa, saboda ƙwayar da take sha. Bai sa sunan ganyen ba, bai sa wanda ya kawo ba.

"Ba ke kika ƙi ba, Hajiya. Ni na hana. In da mai jin haushi, ya zo ya same ni."

Ta karɓi takardar ta juya ta, ta shafa hatimin da babban yatsa. Ta daɗe. Sannan ta miƙa wa 'yarta, wadda ta biyo mu a motar.

"A kai masa."

Da yamma ya zo. Bai shiga ɗakin marasa lafiya ba, ya tsaya a baranda jikin taga, takalmansa a hannu, takardar a ninke a aljihun gaba. Yaya ta juya ta fuskanci bango, robar ƙarin ruwa a hannunta.

"Allah ya ƙara sauƙi, Inna."

"A ce masa an gode da ɗawainiya. Likita ne ya yi hukuncinsa."

Ni gaisuwa kawai ya yi mini, gajeriya. Matarsa ta gaya mini daga baya cewa daga asibiti gidan Yaya ya wuce, ya ɗauki tulun da kansa ya kai bayan gida ya zubar. Ta ce da ya koma Kano ya je shagon, mai shagon ya ce 'yan asibiti ne da baƙin cikinsu, kuma ledojin suna nan a jere a kan kanta.

Sakamakon jini ya nuna abin da likitan ya zata. Aka gyara mata, aka sauya ƙa'idar ƙwayar na ɗan lokaci. Cikin mako guda jirin ya tafi, ta koma cin tuwo. Kircin yana nan, an ba ta man shafawa, wani lokaci ya lafa wani lokaci ya taso.

Da ranar asibitinta ta zagayo, ta aiko a gaya mini kada in wahalar da kaina, akwai mota. 'Yarta ce ta kira ni ta ce likita ya saurara ya ce bugun ya daidaita. Na bari aka kwana biyu na je Sara. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Amma tun ina cire takalmi na ji ta ce a jawo ƙofar ɗakinta, aka sa sakata, aka shimfiɗa mini tabarma can gindin bishiyar darbejiya. Masu dubiya suna ta zuwa tun da ta fito, kuma a garinmu ba a zuwa dubiya hannu sake, kowa da ɗan ƙullinsa da labarin wanda ya sha ya warke. Na tambayi 'yar a ɓoye me ke cikin ɗakin. Ta rantse mini babu komai sai buhun gero da kayan sawa, kuma duk wanda ya kawo ƙulli takardar likita ake nuna masa.

Na yarda da ita rabi. Da zan tafi na miƙa hannu in kama wuyan hannun Yaya, ta janye shi cikin mayafi.